Zauren Masu Karatu: Awa Nawa Ne Daga Kaduna Zuwa Jidda?

Tun da aka fara kiran maniyyata bita, wasiƙun da ke shigo mana suka karkata wajen jirgin sama. Mun tsamo waɗanda suka shafi nisa da tsawon tafiya muka haɗa su wuri guda. Duk nisan da muka ambata a nan na miƙaƙƙiyar hanya ne daga filin jirgi zuwa filin jirgi, kuma mun dunƙule alƙaluman don su yi sauƙin riƙewa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarun baya yayana ya sauke farali. A takardarsa na ga sun tashi daga Kaduna ƙarfe 10 na dare, sun sauka Jidda 4:45 na asuba, kusan awa bakwai ke nan. Amma da za su dawo, sun tashi 10 na safe, 12:45 na rana suna Kaduna. Jirgin dawowar ne ya fi gudu, ko hanyar gida ce ta fi kusa? Bana ni ma na biya kujera.
Maniyyaci, daga Tudun Wada

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Jirgin bai ƙara gudu ba, hanya ma ba ta rage ba, agogo ne ya yi maka wasa da hankali. Lokacin tashi da ake rubutawa a tikiti na agogon garin da aka tashi ne, lokacin sauka kuma na agogon garin da aka sauka. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, rani da damina. Saboda haka in gabas ka nufa, sai ka ɗebe bambancin agogon daga abin da ka gani. In yamma ce, ka ƙara. Daga 10 na dare zuwa 4:45 awa 6 da minti 45 ne, a ɗebe biyu, saura 4 da 45. Daga 10 na safe zuwa 12:45 awa 2 da minti 45 ne, a ƙara biyu, ya koma 4 da 45. Ashe tafiyar ɗaya ce.

Daga filin jirgin Kaduna zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,600 ne, zuwa Madina kuma kimanin 3,750. Jiragen fasinja in sun daidaita a sama suna cin kilomita 830 zuwa 900 a awa: irin su Boeing 737 suna gefen ƙasa na wannan lissafi, manya irin su 777 da 747 suna gefen sama. Ga ƙa'idar da za ka riƙe a ka. Ka raba nisan da 850, sannan ka ƙara rabin awa. 3,600 a raba da 850 ya ba da awa 4 da kwata, da rabin awar nan ya zama 4 da 45. In Madina za a fara sauke ku, ƙara minti goma.

Rabin awar ba daga iska muka ɗauko ta ba. Kamfani yana fara ƙirga lokaci ne daga sa'ar da aka zare weji daga tayoyin jirgi ya motsa, har zuwa sa'ar da ya tsaya a inda zai sauke mutane aka mayar masa da weji. A tsakani akwai rarrafen da yake yi zuwa bakin titin tashi, da jiran izinin hasumiya, da hawa sama wanda kan ci minti 20 zuwa 25 kafin ya kai ƙafa 35,000 ko fiye. A ƙasa da ƙafa 10,000 kuma akasari ba a yarda jirgi ya wuce kilomita 460 a awa ba. Wajen sauka ma haka: matuƙa suna ware mil uku na teku ga kowace ƙafa dubu da za su sauko, wato jirgi yana fara gangarowa tun ana saura kimanin kilomita 200. Shi ya sa gajeriyar tafiya ba ta da riba. Kaduna zuwa Legas kilomita 635 ne kacal, minti 45 in da gudun sama za a yi tun daga farko har ƙarshe, amma sai an ci awa ɗaya da kwata.

To, amma kada ka ɗaure wa lissafin yayanka gindi. Miƙaƙƙiyar hanyar Jidda tana ratsa arewa maso gabashin Najeriya ne, ta shiga Cadi, ta keta Sudan gaba ɗayanta daga yamma zuwa gabas, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jigilar alhazan wannan shekara sai da ta bi zagaye, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi. Ta arewa akwai Libiya, wadda kamfanoni da yawa ke ƙauracewa. Ta kudu kuwa, ko da a ce jirgi ya miƙa zuwa Adis Ababa sannan ya karya kwana ya nufi Jidda, ya ci kusan kilomita 4,900 ke nan, kuma wannan layin ma yana shafar gefen Sudan, sai an ƙara yin kudu. Nan da nan tafiyar awa huɗu da ɗoriya ta koma shida zuwa bakwai. Jirgi irin Airbus A330 yana ƙona kusan tan 6 na mai a awa, don haka ƙarin awa ɗaya da rabi tan 9 ne, nauyin fasinja casa'in da kayansu. Ga kuɗin ratsawa da kowace ƙasa ke karɓa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma wani ne zai biya kuɗin man. Ranar tafiya ka tambayi jami'an alhazai ta inda za a bi, ko ka saurari sanarwar matuƙi bayan an rufe ƙofa, shi ne mai lissafin ranar a hannu.

Abu biyu kuma. Awannin jirgi ƙaramin yanki ne na wahalar ranar: daga shiga sansanin alhazai na Mando, da awon kaya, da tantancewa, har zuwa layin shige da fice a can da motar da za ta kai ka masauki, kwana guda na iya shigewa. Maganin hawan jini ko na suga ya kasance a jakar hannu, ba a babbar jaka ba. Sannan in Jidda za ku sauka ku wuce Makka kai tsaye, ka yi wanka ka ɗaura haraminka tun a ƙasa. Jirgi yana cin kilomita 14 a minti ɗaya. Wanda ya ce sai an yi sanarwar miƙati zai shiga layin banɗaki ya sauya kaya, kafin layi ya zo kansa an wuce wurin da nisan Kaduna zuwa Zariya.

TAMBAYA: Na duba nisan Kaduna zuwa Jidda a wayata, wuri ɗaya ya ce 3,600, wani 2,240, wani kuma 1,945. Wanne ne gaskiya?
Mai shagon waya, daga Kasuwar Barci

AMSA: Duka ukun gaskiya ne, Malam, mudun awon ne ya bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne na tudu, irin wanda aka san tsofaffin hanyoyinmu da shi, kowane ɗaya kilomita 1.609. Na uku mil ne na teku, wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi, kowane ɗaya mita 1,852. Kafin ka raba da 850, ka tabbatar kilomita ce a hannunka. In mil na teku ne, ka raba da 460.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a Amurka. Ya turo mini hoton allon da ke bayan kujera lokacin da suke tafiya daga Dubai zuwa San Faransisko. Maimakon jirgin ya miƙe, sai na ga ya yi baka ya hau can ƙuryar arewa inda babu komai sai ƙanƙara. Ba ɓarnar mai ba ce wannan?
Malamar makaranta, daga Kawo

AMSA: Malama, wannan bakan da kika gani shi ne miƙaƙƙen layin, taswirar ce karkatacciya. Duniya dunƙulalliya ce, allo kuma shimfiɗaɗɗe. Duk wanda ya ɓare lemo ya yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a faranti ya san sai ya yage ko ya miƙe a wani wurin. Taswirar da aka fi rataya wa a ajujuwanmu ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569 don matuƙan jirgin ruwa, kuma tana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya. Shi ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi sau 14.

Gani ya kori ji. Ki ɗauki ƙwallon duniya na makaranta, in babu ki sami kankana ki yi mata ɗigo biyu, da zaren ɗinki. Ki danne bakin zaren a Dubai, ki ja shi ya ɗame zuwa San Faransisko. Da kansa zai zame ya bi ta kusa da ƙuryar arewa, don garuruwan biyu kusan baya da baya suke a jikin duniya, kuma ta saman kai ya fi kusa da a zagaya ta ƙugu. Ta wannan hanya kimanin kilomita 13,000 ne. In aka bi layin da ido ke gani a miƙe a kan taswira, kusan 17,000 ne. Bambancin ya fi nisan Kaduna zuwa Jidda.

Mu Musulmi mun daɗe da wannan lissafi ba tare da mun kira shi da sunan jirgi ba, don shi ne lissafin alƙibla. A Kaduna alƙibla ba gabas sak ba ce, tana karkata arewa da kimanin digiri 23. A Niyok kuma masallatai arewa maso gabas suke fuskanta, duk da cewa a taswira Makka tana ƙasa da su ta kudu. Ɗalibanki za su fi saurin kamawa in kika fara musu daga nan.

Sai dai jirgi ba ya bin zaren nan daidai wa daida. Sama tana da hanyoyinta da mahaɗarta kamar ƙasa, akwai wuraren sojoji da ba a ratsawa, akwai ƙasashen da ba su ba da izini ba, akwai hadarin da ake kaucewa. Jirgi mai inji biyu kuma doka ta ɗaure shi kada ya yi nisa da filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu: asalin ƙa'idar minti 60 ce, ana ƙara wa wanda ya cika sharuɗɗa zuwa 120, ko 180, ko fiye. Ko mu nan mun ga misalin rufe hanyar sama a Agustan 2023, lokacin da Nijar ta rufe samanta bayan juyin mulki. Abuja zuwa Landan, kimanin kilomita 4,800 da aka saba yi a awa shida da ɗan wani abu ta saman Nijar da Aljeriya, sai da jirage suka riƙa zagayawa har aka sake buɗewa a farkon Satumba.

TAMBAYA: Ina shirin zuwa Caina saro kaya karon farko. Ejan ya kawo mini tikiti uku daga Abuja zuwa Gwanzu: ta Adis Ababa, ta Doha, da ta Santambul. Na Adis ɗin ya nuna tashi Litinin 1:30 na rana, sauka Talata 4 na yamma. Fiye da kwana guda ke nan a sama? Kuma wanne ya fi kusa?
'Yar kasuwa, daga Unguwar Rimi

AMSA: Hajiya, Allah Ya ba da sa'a. Ba za ki kwana ki wuni a sama ba. Ƙasar Sin tana gabanmu da awa 7. Daga 1:30 na ranar Litinin zuwa 4 na yammar Talata awa 26 da rabi ne a ido, a ɗebe bakwai, saura 19 da rabi. A ciki, Abuja zuwa Adis kilomita 3,460 ne, kamar awa 4 da rabi. Adis zuwa Gwanzu kimanin 8,040, kamar awa 10. Ragowar awa biyar ɗin zaman jira ne a filin jirgin Bole da ke Adis.

Game da kusa, da akwai jirgin da zai miƙa daga Abuja zuwa Gwanzu ba tsayawa, kimanin kilomita 11,200 zai ci. Abin sha'awa, Doha kusan a kan wannan layin take: 5,020 zuwa can, 6,200 daga can, jimla ba ta wuce 11,200 ɗin da wani abin kirki ba. Ta Adis kimanin 11,500 ne. Ta Santambul kuma 12,050, don sai an hau arewa sannan a gangaro. Tsakanin mafi kusa da mafi nisa ke nan kilomita 850, awa ɗaya tak a sama. Mu a ganinmu wannan bai isa ya zama ma'aunin zaɓi ba. Abin dubawa shi ne zango. Tikiti mai gajeriyar hanya da jiran awa 11 ya fi gajiyarwa a kan mai doguwar hanya da jiran awa uku.

Zangon kuma kada ya yi gajarta. Ƙasa da awa ɗaya da rabi a babban fili kasada ce: jirgin farko ya makara minti 40, a sauke ku nesa a kwaso ku a bas, a sake binciken jaka, kafin ki gano ƙofarki an rufe. Ko kin samu kin shiga da gudu, akwatinki bai iya gudu ba. Awa biyu da rabi zuwa huɗu shi ne daidai. Ki tabbatar kuma duka tafiyar a tikiti ɗaya take, da lambar rajista ɗaya. In haka ne, jirgin farko ya makarar da ke, kamfani ne zai sa ki a na gaba, kayanki kuma tun daga Abuja za a liƙa musu takardar Gwanzu. In tikiti biyu ne aka haɗa miki don arha, duk abin da ya faru a tsakani naki ne: ki ɗauki kaya, ki fita, ki sake awo, wani wurin ma sai da bizar ƙasar. Arha ba ta ado.

Inda aka fi yin asara shi ne kwanan wata. Yawancin jiragen dawowa daga gabas tsakar dare suke tashi. In tikiti ya ce Asabar 00:30, to daren Juma'a za ki tafi filin jirgi, ki isa wajen 9:30. Da yawa sukan ɗauka daren Asabar ne, su iso jirgi ya tashi da awa ashirin da wani abu. Alamar +1 da ke gefen lokacin sauka tana nufin washegari. Wurin awon kaya na tafiyar ƙasar waje kuma akasari ana rufe shi awa ɗaya kafin tashi.

Kada ki manta tafiyarki daga Kaduna za ta fara, ba daga Abuja ba. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu da ke Abuja kilomita 186 ne, a ware masa awa biyu da rabi, ban da hanyar Idu zuwa filin jirgi. Tashin 1:30 na nufin ki kasance a wurin 10:30 na safe, don haka kwana a Abuja ya fi kwanciyar hankali. In kin isa can kuma, jikinki yana nan a agogon Kaduna: ƙarfe 10 na safe da kasuwa ke buɗewa, a wurinsa 3 na dare ne. Jiki yakan gyara kamar awa ɗaya a kowace rana. Ranar farko ki zagaya ki ga kaya ki ji farashi, babban ciniki ki bar shi sai ido ya washe.

TAMBAYA: Malaminmu ya ce duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas. To me ya sa jirgi ba zai tashi ya tsaya cak a sama ba, ya jira Amurka ta zo ƙarƙashinsa? Kuma me ya sa na ji tafiya gabas ta fi sauri?
Ɗalibin sakandare, daga Rigasa

AMSA: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Gaskiya ne duniya na juyawa, kuma a daidai Kaduna tana tafe da mu da gudun kimanin kilomita 1,640 a awa. Amma iskar da ke lulluɓe da ita tare suke juyawa, jirgin da ke ajiye a fili shi ma yana ɗauke da wannan gudun tun kafin ya tashi. Ka yi tsalle a cikin taragon jirgin Abuja yana tsakiyar gudu, inda ka tashi nan za ka dira, bangon baya ba zai zo ya same ka ba.

Abin da ke bambanta zuwa da dawowa iska ce. A tsayin kilomita 9 zuwa 12, inda jirage ke tafiya, akwai wasu kogunan iska masu kwarara daga yamma zuwa gabas, sun fi ƙarfi a sassan Turai, Amurka da arewacin Asiya, musamman da hunturu, inda sukan wuce kilomita 200 a awa. Jirgi a cikin iska kamar kwalekwale ne a kogin Kaduna: mai bin ruwa da mai gaba da ruwa ba su isa lokaci ɗaya. A ce jirgi na gudun 900, iska na 100. In tana bayansa, 1,000 yake ci a ƙasa. In tana gabansa, 800. A tafiyar kilomita 8,000, zuwa awa 8 ke nan, dawowa awa 10. Ka lura, da babu iskar sam, zuwa da dawowa bai kai awa 18 ba, wato abin da take ƙwacewa ya fi abin da take bayarwa. Niyok zuwa Landan, kilomita 5,550, akan yi shi a kamar awa 7, dawowa kuma 8. A Fabrairun 2020 wani Boeing 747 na British Airways ya hau bayan guguwa ya yi shi a awa 4 da minti 56.

A yankinmu lamarin bai kai haka tsanani ba, kuma yakan juya. Da damina iskar can sama tsakanin Indiya da Afirka daga gabas take busowa, don haka a wannan lokacin mai dawowa daga Saudiyya ne take turawa.

Tunda kana son irin wannan, ga ƙari. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, saboda haka babu wurare biyu da suka fi 20,000 nisa da juna. In ka huda ƙasa daga Kaduna ka miƙe, a tekun Fasifik za ka ɓulla, arewa da tsibiran Samowa. Tafiyar Singafo zuwa Niyok ba tsayawa, kimanin kilomita 15,300, tana cin awa 18 zuwa 19. In kuma aikin ne ya ba ka sha'awa, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tana nan Zariya tun 1964. Ka riƙe lissafi da kimiyya da kyau.

TAMBAYA: Da hunturun da ya wuce na taso daga Legas. Mun zo saman Kaduna muka yi ta zagaye, daga ƙarshe aka kai mu Abuja. Tafiyar awa ɗaya ta zama wuni. Ga gari a ƙasa, me ya hana shi sauka? Ko mai ne ya kusa ƙarewa?
Ma'aikaci, daga Malali

AMSA: Sannu da haƙuri, Malam. Hazo ne. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Cadi, tana da wata yaudara: in ka leƙa ƙasa kai tsaye ta taga kana iya ganin rufin gidaje, don siririn bargo kake hudawa. Matuƙi kuwa gaba yake kallo a karkace, ta cikin kilomitoci na ƙura, kuma bakin titi yake nema.

Kowane fili yana da iyakar gani da aka rubuta masa gwargwadon na'urorinsa. Inda akwai na'urar jagoran sauka mai mataki na ɗaya, jirgi na iya gangarowa har ƙafa 200 daga ƙasa, kuma ana bukatar ganin kimanin mita 800, ko 550 in akwai cikakkun fitilun titi da ma'auninsu. A wannan tsayin, in matuƙi bai ga fitilu ko titi ba, ba shi da zaɓi, dole ya ƙara wuta ya koma sama. In na'urar ba ta aiki ranar, iyakar takan haura sosai, sai hazon da jiya aka sauka a cikinsa yau ya gagara. Mataki na biyu da na uku suna ba da damar sauka a ganin da bai kai haka ba, amma sai fili da jirgi da matuƙan duk sun cancanta, ɗaya ya gaza an koma baya.

Zagayen da kuka yi jira ne ko hazon zai ɗaga, kowane kewaye kamar minti huɗu. Mai kuma da lissafinsa aka taso: na tafiyar kanta, da ƙarin kashi 5 cikin ɗari don abin da ba a zata ba, da wanda zai kai jirgi wani filin da aka zaɓa tun a ƙasa, da ajiyar minti 30 da ba a taɓawa sai rai ya zo wuya. In man jira ya ƙare, ya rage na zuwa filin madadi da ajiyar nan, matuƙi zai juya ko da minti biyar ne ya rage gari ya washe. Abuja da Kano kowanne kimanin kilomita 190 zuwa 200 yake daga filin Kaduna, amma tunda ƙurar daga arewa maso gabas take zuwa, sau da yawa Kano ta riga mu rufewa, sai a yi kudu. Abin da ke mayar da shi wuni kuwa shi ne sake shan mai, da sabon izinin tashi, da awannin aikin matuƙa, waɗanda doka ta iyakance. In suka cika, sai an nemo wasu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, kada ka haɗa jirgin cikin gida da na ƙasar waje a rana ɗaya.

TAMBAYA: Zan je Umara cikin azumi. Da agogon wa zan sha ruwa, na Kaduna ko na Saudiyya?
Uwargida, daga Badarawa

AMSA: Hajiya, hukuncin da rangwamen da matafiyi ke da shi na malamai ne, a tuntuɓe su. Abin da da yawansu suka tafi a kai shi ne mai azumi yana bin faɗuwar rana ne a inda yake, ba agogon wani gari ba. Namu shi ne lissafin. Rana tana riga faɗuwa a Jidda da kamar awa biyu kafin Kaduna, da ɗan bambanci gwargwadon watan shekara. In kin yi sahur a gida kika sha ruwa a can, azuminki ya rage da kusan awa biyu. Ranar dawowa kuma ya ƙaru da haka. Mai tafiya gabas yana tarar dare ne, sai ki ga magariba da lisha sun matso kusa da juna. Mai tafiya yamma yana bin rana, sai ta yi ta jan ƙafa a bakin gajimare kamar ba za ta faɗi ba.

Tsayi ma yana da nasa. A ƙafa 35,000 ana ci gaba da ganin rana kamar minti 13 bayan ta ɓace wa garin da ke ƙarƙashinki, don haka manhajar salla ta waya, ko da ta gane inda kike, lokacin mutanen ƙasa take ba ki. In tafiyar za ta ratsa magariba, ki nemi kujerar taga tun wajen awon kaya: mai zuwa Jidda rana tana faɗuwa ne ta bayan jirgi, an fi hango ta daga tagogin hagu a tsakiyar shekara, daga na dama kuma da hunturu. Ki sa dabino da ƙaramar gorar da za a cika miki da ruwa bayan an wuce bincike a jakar hannu, don keken abinci ba lallai ya iso layinki a kan lokaci ba.